Lemo a Giyar Fergus

Fergus Tranter ya bar aikin ofis a birnin Hobart, ya sayi tsohon siton tuffa a kwarin Huon, ya tara gemu, ya hau dafa giya. Shi da kansa yakan ce gemun ne kaɗai ya yi albarka. Giyar baƙa ce wuluk, ta gasasshen sha'ir, mai ɗaci a ƙarshen harshe, kuma duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ji tarihin ɗacin nan har ƙafarsa ta yi sanyi.

Mashaya ɗaya ce a garin, ta Glenys. Ta ara masa famfo guda daga cikin famfunan zuba giya na kantarta, ta gaya masa ba kwana-kwana: "In tsofaffin can na lungu suka karɓa, famfo naka ne. In suka ƙi, ka zo ka kwashe gangarka." Fergus ya san in babu famfon nan sito zai koma wa ɓeraye, shi kuma ya koma ofis ya aske gemu.

Ranar Juma'a da yamma ya shigo da faranti: kyafaffen kifi da cuku mai wari wanda ya yanka siri-siri. Ya ajiye gaban Merv, tsohon mai yankan katako da ke jagorantar teburin tsofaffin lungun, ya fara bayani. A fara shinshinawa, a ɗan gutsiri cuku, a bar giyar ta kwanta a kan harshe. Yana magana yana jin muryarsa kamar ta mai tallan magani a tasha, amma bakin ya ƙi tsayawa.

Merv ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ture cukun da bayan hannu.

"Ɗan birni, wannan ai kwalta ce. Titi za ka gyara mana?"

Teburin ya kwashe da dariya. Fergus ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙora.

"Zauna mana, ka tsaya mana a ka kamar ɗan sanda. Glenys! Zagayena ne, ni zan saya. Kawo kwaltar yaron nan, kowa kofi, har shi. Ki tsinka ta da lemo, rabi da rabi. Da soyayyen dankali."

Fergus yana kallo Glenys ta tuttula farin lemon kwalba cikin abin da ya shekara yana auna ɗacinsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Sai dai a teburin mashaya a ƙasar nan, wanda aka saya wa a zagaye ba ya mayar da kofi, ba ya kuma tashi kafin nasa layin ya zo. Wanda ya yi haka, har jikokinsa za su ji labari. Ya ɗaga kofin, ya rufe ido, ya sha. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne bai ji ta da muni ba.

"Ka ga yanzu ta zama abin sha," in ji Merv, yana dangwala dankali a miyar tumatir. "Ci mana, ko sai an yanka maka shi siri-siri?"

Na kusa da Merv ya yi nasa zagayen, na gaba ma haka, duk kwalta da lemo. Kifin nan kuwa karen Glenys ne ya san daɗinsa. Can kofuna suka sake yin ƙasa, layi ya zo kansa, idanu suka juyo kan Fergus.

Ya miƙe ya nufi kanta. Glenys ta ɗora hannu a kan famfonsa, tana danne dariya.

"To, mai giya, yaya za a zuba? Yadda ka dafa ta, ko yadda ake shanta?"

Fergus ya waiwaya ya dubi tsofaffin, ya dubi famfon, ya shafa gemunsa.

"Rabi da rabi," ya ce a hankali.

"Ba mu ji ba!" Merv ya ɗaga murya daga lungu.

"Na ce da lemo, Baba Merv! Har nawa kofin!"

Glenys ta ja famfo. "Ranar Litinin ka kawo ganga biyu," ta ce. "Ka biya ta kanti ka taho min da katan ɗin lemo, nawa ya kusa ƙarewa."