Uwar Kurmi a Ƙasar Gishiri

Littafin rubutu ne mai shafi sittin, irin wanda ake saya wa 'yan aji huɗu, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. A ciki marigayi Labaran ya rubuta duk abin da ya shafi Na-Kurmi: tsawonsa, sandarsa, gorar maganinsa, har da cewa ba ya cin ɗanwake. Tun da Labaran ya rasu littafin yake hannun ƙanwarsa Jannatu, kuma ba ta yarda wani ya ɗora masa biro ba, har ita kanta.

Wasan labari suke ce wa abin. Meshach, aminin Labaran, shi ya zo da shi Birnin Gwari daga Zariya bayan ya gama karatu. Mutum ɗaya ke jan labari, ya ƙirƙiri ƙasa da mutanenta da masifunta. Sauran kowa da jaruminsa, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwayar ludo ta yanke hukunci. Manya ne fa. Labaran da Meshach da Jannatu malaman firamare, Anita ƙanwar Meshach nas ce, Sadisu kuma walda yake yi a bakin tasha. Amma in ka same su ranar Asabar bayan la'asar a zauren gidan su Labaran suna gardamar ko dodo ya mutu ko bai mutu ba, sai ka rantse alewa ake rabo.

Shekara uku suka yi a cikin wata ƙasa da Meshach ya shirya, kurmi ne tun daga farkonta har ƙarshenta. Jarumin Labaran, wato Na-Kurmi, mai magani ne, yana hidimar wata da ake kira Uwar Kurmi, ita ke ba shi ikon warkarwa. Ranar da Inna ta fara jin sunan ta cikin gida sai da ta leƙo tana salati, Labaran ya yi dariya ya ce, "Inna, tatsuniya ce, ƙurunƙus ne ƙarshenta." Da yake shi ne ke kiran sallar asuba a masallacin layin, sai ta ƙyale su. A shafi na uku ya rubuta ƙa'idar da hannunsa, ya ja mata layi biyu: Na-Kurmi ba ya warkar da kowa sai hannunsa na hagu yana kan itace mai rai.

Farkon bazara mutanen daji suka tare motar da Labaran da Meshach suke ciki a hanyar Kuyello, za su je sunan ɗan wani abokin aikinsu. Bayan wata biyu Meshach ya dawo shi kaɗai, ya rame kamar kara. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne zazzaɓi ya kama Labaran, ya cika a can. Aka yi zaman makoki babu gawa. Jannatu ba ta tambaye shi komai ba, don tsoron amsar take yi.

Daga nan Meshach ya shige ɗaki. Wata bakwai ba makaranta, ba coci, sai ko jana'izar maƙwabcinsu Malam Idrisu da ya fita, ya dawo ya fi da lalacewa. Anita ce ta zo ta sami Jannatu ta roƙe ta a tayar da wasan, ko Allah zai sa ya fito. Ya yarda, amma da sharaɗi: sabuwar ƙasa za a shiga. Jannatu ta ce ita ma da nata, ta ajiye jarumarta, Na-Kurmi za ta riƙe.

Asabar ta farko ya shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya zana ta a bayan tsohuwar kalanda. Ƙasar Gishiri ya sa mata suna. Tsibirai ne farare fat a tsakiyar teku, gidajen dutse, jiragen fata da ƙashin manyan kifaye. Jannatu ta bi taswirar da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko muciya babu ta itace a ƙasar nan.

"Yaya Meshach, ina Na-Kurmi zai sa hannunsa?"

"Na yi tunanin wannan," in ji shi, bai ɗago ba. "Suna da wani Sarkin Teku, yana da masu hidima. Sai Na-Kurmi ya koma wurinsa, ya riƙa tsoma hannu a ruwa. Layi ɗaya za a goge."

"Ba za a goge ba."

Sadisu ya ce, "Haba Malama, ai sake wa tuwo suna ne. Magani dai magani ne."

"To ka sake wa naka. Wannan yayana ne ya rubuta."

Ita Jannatu Allah ya yi ta da taurin kai irin na gidansu, wanda in an ce hagu sai sun tambayi laifin dama. Haka aka yi wasan ranar. Wani kifi mai ƙaho ya soke jarumin Sadisu, Na-Kurmi yana tsaye a kansa da gora cike da magani, ba abin da zai iya. Aka tashi ba daɗi. A ƙofar zaure Anita ta riƙo hannunta ta ce, "Sati uku yana zana taswirar nan. A kanta ya fara cewa in zuba mishi abinci da kanshi. Don Allah, Jannatu." Jannatu ta ce ta ji. Ta ji ɗin kuwa, kuma tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Sai dai duk lokacin da ta buɗe shafi na uku ta ga yadda Labaran yake lanƙwasa wutsiyar harafin y, sai ta ji in ta ja biro a kan layin nan kamar ita ce ta zuba masa ƙasa. Ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Littafin nan kaɗai ne inda ta san yayanta yake.

Sati ya zagayo ta zo da abin da take ganin sulhu ne.

"Ba kurmi nake nema ba. Itace ɗaya tak. Ka sa shi a tsibiri ɗaya, ko can ƙarshen taswira, mu riƙa kai marasa lafiya wurinsa. Mene ne wahalar itace ɗaya?"

Anita ta harare ta. Sadisu ya shiga jujjuya ƙwayar ludo a tafin hannunsa. Meshach ya gyara zama, ya ɗauko muryar nan tasa ta jan labari.

"To. Jirginku ya tsaya a wani tsibiri. Kun hau tudu, ga itace."

"Wane iri?" in ji Jannatu.

"Kuka ce. Tsohuwa, a kufan wani ƙauye. Ba ganye ko ɗaya, bazara ce. Akwai igiya a gindinta." Ya kafe taswirar da ido. "Igiya biyu. In rana ta take, inuwar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, sai mu riƙa matsawa muna binta iya tsawon igiya."

Babu wanda ya motsa. Jannatu ta buɗe baki za ta ce ya bari, amma maganar ta riga ta ɓalle masa.

"Kwana huɗu Labaran yana zazzaɓi. Ranar tana cin fuskarshi, ba ya iya matsawa. Sai na cire rigata na riƙe ta a saman kanshi, haka, da hannu biyu. In hannu ya mutu in sauke, in sake ɗagawa. Har tsokanata yake yi, wai in na gaji a jefa ludo a gani ko zan iya." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Rana ta biyar da hantsi ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena, sau uku. Ki gaya wa Inna wannan. Ya kamata a ce na gaya mata tuntuni."

Hawaye suna zuba wa Jannatu, ba ta share ba.

"Mutanen dajin suka jefo mini fartanya. Ba wanda ya tashi a cikinsu. Ruwa gora ɗaya gare ni, na wanke mishi fuska da hannu da ƙafa, yadda na saba ganin yana yi. Na rufe shi da rigar. Sai na tsaya, ban san yadda kuke kwantarwa ba. Shekara goma sha biyar muna tare, na ci tuwon sallarku, na yi muku rakiyar amarya, amma in an kai gawa a bakin maƙabarta nake tsayawa. Abin da na sani shi ne gabas kuke kallo. Sai na sa kanshi gabas, ƙafafu yamma, na kwantar da shi rigingine kamar namu."

Ya rufe fuska da hannu ɗaya.

"Ranar jana'izar Malam Idrisu na matsa kusa na leƙa. Ashe a kan dama kuke kwantarwa, fuska ce take kallon gabas. Ni na ba gabas ƙeyarshi, Jannatu. Mutumin da bai taɓa rasa salla ba, ko a ɗaure yana yi. Kuma ban san hanyar komawa wurin ba, balle in gyara."

Sadisu ya ce a hankali, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Anita tana kuka, ita ma yau ta fara ji.

Kunya ta lulluɓe Jannatu, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Wata bakwai mutumin nan yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ya gudu ya gina ƙasar da ko tsinke babu, ita kuma ta bi shi har can da igiya ta mayar da shi gindin kukar. A ƙarƙashin kunyar kuma wani abu ya kwanta mata a zuciya. Ashe yayanta yana da kabari. Ashe hannun wanda yake ƙaunarsa ne ya rufe shi.

"Yaya Meshach, ɗago ka dube ni."

Ya ɗago.

"Ni ba malama ba ce ta wannan fannin, gobe in Allah ya kai mu za mu je wurin liman ka ji daga bakinsa. Amma abin da na sani, wanda ya halicci gabas ba zai kasa gane bawansa ba don an juya masa kai. Ka wanke shi, ka suturta shi, ka haƙa masa da hannunka. Mu 'yan uwansa ko ɗaya ba mu samu mun yi ba. Allah ya saka maka da alheri." Muryarta ta karye. "Ni ce zan nemi gafararka."

Kuka ya ƙwace masa. Aka bar shi ya yi mai isarsa. A waje masu babur suna ta wucewa, wata mai awara tana kiran ciniki.

Jannatu ta jawo littafin, ta buɗe shafi na uku, ta miƙa hannu wurin Anita. Anita ta zaro biro daga aljihun rigar aikinta, ta ɗan riƙe shi kafin ta saki. Jannatu ta ja layi, bai miƙe ba. Kalma uku ta soke, itace mai rai, ta bar sauran yadda suke. Ta yi rubutu a sama da ƙananan haruffa, ta karanta musu.

"A Ƙasar Gishiri ba wanda ya san sunan Uwar Kurmi. Mai Inuwa suke ce mata. Ba ta da gida a can, ba ta da itace. Na-Kurmi ba ya warkar da kowa sai ya tsaya tsakaninsa da rana." Ta dubi Meshach. "Kai ne mai jan labari. Ya shiga ƙasarka ko bai shiga ba?"

Meshach ya karɓi littafin ya daɗe yana duban shafin, rubutun Labaran a ƙasa, na ƙanwarsa a sama. Ya share fuska da gefen riga, ya jawo taswirar gabansa. Da ya yi magana muryar a dushe take, amma ta jan labari ce.

"Kuna kan tudun gishiri, rana ta take. Babu komai a kan tudun. Mutumin Sadisu yana kwance, ciwon kifin nan ya kumbura, numfashinshi yana sama-sama. Na-Kurmi, me za ka yi?"

"Zai cire rigarsa," in ji Jannatu, "ya riƙe ta a saman kansa da hannu biyu."

Sadisu ya miƙo mata ƙwayar ludo. Meshach ya ɗora hannu a kai, ya mayar da ita kan tabarma.

"Ba sai an jefa ba," in ji shi. "A nan ƙasar, ya tashi."