Kada Kowa Ya Taɓa Motar

Eli bai yi minti goma da ɗaga murfin injin ba wayar Wasila ta ɗauki ruri. Tana tsaye bayan labulen tagarta a hawa na uku, tana leƙen filin rairayin da mutanen unguwar Abu Hail ta Dubai ke ajiye motoci. Ƙafafunsa kawai take hangowa, rabin jikinsa ya shige cikin tsohuwar jif ɗin mijinta. Ta duba lambar. Yaya Ɗalhatu ne, wan marigayi mijin nata, daga Gusau.

"Wasila, wa ya ba wani ƙato izinin buɗe motar ƙanena?"

Ko sallama babu.

"Ina wuni, Yaya. Eli ne, maƙwabcinmu. Bakanike ne, tun Baban Nana na da rai shi ke duba ta. Cewa na yi ya gano mana ko za ta gyaru."

"Ya gano muku? Ke da wa? Ko arba'in ba a yi ba, kina cikin takaba, har kin fara tara maza a kan dukiyar gado? Dikko ya gan shi da idonsa, yanzun nan ya kira ni."

Dikko ɗan garinsu ne mai shagon aika kaya a Deira. Tun ranar jana'iza bai ƙara tako ƙafarsa ya ce ya kuka kwana ba, ashe idonsa na kan mota.

"To ki buɗe kunnenki. Motar nan gado ce. Ba gyara, ba sayarwa, kada kowa ya taɓa ta ko da yatsa sai na zo an raba. Wanda ya taɓa, ban yafe ba. Ke kuma ki zauna a ɗaki yadda aka san mai takaba."

Ya kashe. Wasila ta sauke wayar daga kunnenta. Sannan ta aiki Sabina, matar Eli, ta sauka ta ce wa mijinta ya rufe.

* * *

Shekara goma sha ɗaya mijinta Maharazu ya yi yana kai baƙi yawon hamada a motar nan. La'asar na yi zai kwashe su daga otal, ya sassauta iskar tayoyi a bakin yashi, ya yi ta hawa tudu yana gangarowa da su suna ihu. Motar ce ke biyan haya, ita ke biyan makarantar Nana Firdausi, 'yarsu ɗaya tilo mai shekara bakwai. Waina da tuwon da Wasila ke dafa wa 'yan kasuwar Al Buteen ciki kawai suke riƙewa. A farkon azumi giyar motar ta lalace, aka jawo ta filin. Mako guda bayan haka shi ma ya faɗi a ƙofar masallaci, bai ƙara tashi ba. Da yake 'ya mace kaɗai ya bari, 'yan'uwansa na da kaso a gadon, Ɗalhatu kuwa ya riƙe nasa kason kamar shi ya haifi motar.

Da yamma Eli ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, Sabina na ciki tana jera kulolin abincin da take kai mata kasuwa.

"Maman Nana, gaskiya zan gaya miki. Giya ta tafi, lagireto na yoyo, amma injin garau yake. Akwai kayan gwanjo a Sharjah, aikin hannuna kuwa kyauta ne, don marigayi ya yi mini abin da ya fi haka. Sanyi ya kusa, baƙi za su cika gari, kuma akwai direban kirki da zai karɓe ta yana kawo miki. In sayarwar kika fi so, masu yanka motoci za su ɗauka gobe ma. Duk wanda kika zaɓa da sauƙi. Abin da mota ba ta so shi ne zama."

"Na gode, Baban Promise. Allah ya bar zumunci. Bari dai Yaya ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Ya ce yana neman biza."

Ta ji Eli yana jan silifas ɗinsa ya tafi.

Tun daga ranar ta kama saƙa da warwara. Da safe sai ta ce gyara: Nana ta ci gaba da karatunta, su ci gaba da zama a ɗakinsu ba mai yi musu gorin tuwo. Da yamma sai ta ce a'a, mota ta tsufa, yau giya gobe wani abin, gara a sayar ta kama 'yarta su koma gida da ɗan jari. Amma komawa gida ina ne, in ba ɗakin ƙofa a gidan Ɗalhatu ba? Sai ta sake komawa kan gyara. Duk wahalar banza take ba kanta, tunda makullin ne kawai a hannunta, maganar na can Gusau.

* * *

Wata ya mutu, wani ya kama. Ɗalhatu ya ce biza ta yi wuya. Daga baya ya ce a bari ya kai amfanin gona gida. Da aka gama girbi ya ce wa zai bar iyali da babbar Sallah a gaba? Kowace Juma'a dai sai ya kira, kuma tambayarsa ɗaya ce: "Motar na nan?" Bai taɓa ko kuskuren tambayar ajin Nana nawa ba.

Motar na nan. Ƙura ta hau ta, fara ce ta koma kalar ƙasa. Tayar baya ta sace ta zauna, kyanwoyi suka tare a ƙarƙashi. Shekarar ce kuma da gine-gine suka tsaya cak a Dubai, mutane na gudu suna barin motocinsu a titi da makulli a ciki, hukumar gari na bi unguwa-unguwa tana kwashe duk wadda ta ga alamar an yasar.

Ranar wata Litinin Eli ya hawo da sauri yana haki.

"Maman Nana, sun liƙa takarda a gilashin gaba. Daga tagarki ba za ki gani ba, ta ɗaya gefen take. Kwana goma sha biyar suke bayarwa, kuma ta kwana biyu a wurin. In suka dawo suka same ta da ƙurar nan, janwe za su kawo. Ba na ce a gyara ba, ba na ce a sayar ba. Ki bar ni in wanke ta kawai, in hura tayar, in ɗan gusa da ita gaba. Khalas, magana ta ƙare."

Nan take ta kira Gusau, ta yi bayani dalla-dalla. Ɗalhatu ya fashe da dariya.

"Ikon Allah! Wace gwamnati ce za ta kama mota don ta yi ƙura? In haka ne ai da babu mota ko ɗaya a Gusau. Ke yarinya ce, Wasila. Yau wanki, gobe a ɗan tayar da ita, jibi a ce ta ɓata. Na san irin wayon kanikawan nan, so yake ya saye ta a wulaƙance. Ko kuwa bakinku ɗaya?"

"Subhanallahi, Yaya! Ni?"

"To in ba haka ba ki bar mota inda take. Juma'a za mu zauna da dangi."

Ta zauna a bakin gado ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Sabina, da ta shigo ɗaukar kuloli, ta dafa kafaɗarta.

"Ni fa ban gane ba. Addinin naku ne ya ce ko gida na cin wuta kada ki fita?"

"Bai ce ba. Malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu, mai takaba na iya fita in lalura ta kama."

"To wannan ba lalura ba ce?"

"Sabina, ba ki san bakin mutanenmu ba. Dikko ya gan ni a filin nan, kafin la'asar Gusau ta ɗauka cewa ƙasa ba ta bushe a kabarin mijina ba na fito ina rawar kai da bakanike. Wannan maganar har 'yata sai ta bi."

Sabina ta ja tsaki ta ɗauki kuloli. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Su da za su yi maganar, cikinsu wa ya taɓa aiko wa Nana ko fensir?"

* * *

Juma'a ta zo, wayar Ɗalhatu a kashe. Ranar Asabar ya ɗauka, hayaniyar maroƙa na tashi a bayansa. Ya ce zama bai yiwu ba, ana bikin 'yar aminin Baffa, a bari sai wata Juma'ar.

Ita ma wata Juma'ar ta zo ta wuce ba labari. Lahadi da safe Wasila ta shirya Nana, ta tsaya a taga har motar makaranta ta ɗauke ta. Yarinyar ta ɗago mata hannu ta gilashi, rigar makarantar ta ɗage mata har gwiwa. Ko kuɗin sabuwar riga babu, balle na makaranta in motar ta tafi. Saura kwana tara ta fita takaba, amma takardar hukuma ba za ta jira kwana tara ba. Ta ce a ranta, a faɗi duk abin da za a faɗa. Yau za ta wanke ta da hannunta, gobe Eli ya ja ta gareji. Gyarawa za ta yi, kason Ɗalhatu kuma ya zo ya tarar da shi a kan taya huɗu.

Ta sauke tukunyar miya, ta tara ruwa a bokiti, ta zuba garin sabulu, ta yago tsumma. Ta zura hijabi ta ɗauki makulli. Tun ranar da aka fita da gawar mijinta ba ta taka matakalar nan ba, ga shi yau tana sauka, ruwa na fantsalo mata a ƙafa. Da ta fito hasken rana ya kashe mata ido, sai da ta tsaya ta kare fuska.

Da ta buɗe idon, jif ɗin na kan bayan janwe. Wani mutum mai rigar aiki na ɗaure tayar gaba da sarƙa.

Ta dire bokitin ta ruga, rairayi na cika mata takalmi.

"Tsaya! Sayyara tawa ce! Ga makulli, ga shi!"

Mutumin ya dube ta, ba da faɗa ba. Ya nuna takardar gilashin, ya nuna wata a hannunsa, ya buɗe tafukansa.

"Khalas, mama."

Ta haɗa ɗan Larabcinta da ɗan Turancinta, ta ce mijinta ya mutu, ta ce yanzu za ta wanke, ga ruwan can. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya yaga wata 'yar takarda ya miƙa mata, ya hau. Janwe ta ja, jif ɗin na rangaji a sama har suka sha kwana.

Ta kira Eli a gareji. Ya yi salati irin nasu.

"Ana iya karɓo ta?"

"Mai ita ake ba, Maman Nana. Tunda mai ita ya rasu, sai takardar kotu, kuma sai duk magada sun sa hannu. In an daɗe ba a zo ba, gwanjo suke yi."

Duk magada. Ta riga ta ji muryar da za ta amsa mata daga Gusau, ta ji sunan da za a kira ta da shi. Ba ta ma yi sallama ba ta kashe wayar.

Ta koma inda ta bar bokitin ta tsuguna a gefensa. Hawayen ma sun ƙi zuwa. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, sai ji ta yi mota ta shigo filin ta tsaya dab da ita. Wani baƙon mutum ya fito yana gyara wuyan riga, waya a kunne, da alama ya makara. Ya ga baƙar mace tsugune da bokiti da tsumma. Bai ko daina maganarsa ba, ya nuna mata motarsa da haɓa, ya zana da'ira da yatsa, wai har da tayoyi.

"Yalla, yalla," ya ce, ya wuce abinsa.

Wasila ta bi shi da kallo har ya shige gini. Ta duba hagu, ta duba dama. Sannan ta naɗe hannun hijabinta, ta tsoma tsumman a ruwa, ta fara daga gilashin gaba.