Hannun Daman Mahasin

Duk matan Hausawan unguwar Faisal sun san Mahasin mai ƙunshi, 'yar Hausawan Sudan, amma ba wadda ta taɓa lura cewa hannunta na dama babu ko ɗigon lalle. Da shi take zana wa kowa, har ta zana wa hagunta. Shi kuwa, tun da ta baro ƙanwarta mai yi mata shi a garin Omdurman na Sudan shekara tara ke nan, ba wanda ya riƙe shi. Abin yana cin ranta duk Sallah, sai dai bakinta ya fi ƙarfin roƙo.

Jajibirin ƙaramar Sallar 2014, da la'asar, wata ɗaliba, Murja, ta zo ƙunshi daga unguwar Madinat Nasr inda take karatu. Ita Murja Allah bai hore mata zama wuri ɗaya ba. Waya ta yi ƙara ta zabura, ƙuda ya gifta ta kai masa mari.

"Ki natsu, ko in yi miki irin na hankaka," in ji Mahasin.

"Wane hankaka, Yaya?"

Abin da Mahasin ke jira ke nan. A gidan wata 'yar Kanada da ta yi wa aikatau a unguwar Mohandessin ta ji tatsuniyar, tun daga nan take razana masu mutsu-mutsu da ita.

"Ta Inuwit ce, mutanen ƙasar ƙanƙara. Wai da can tsuntsaye duk farare ne. Hankaka da agwagwar ruwa suka shirya kowa ya yi wa ɗan'uwansa ado da baƙin fitila. Agwagwa ta yi lamo, ya tsara mata ɗige-ɗige a gadon baya. Da aka zo kansa sai tsalle, sai 'nan bai yi ba, can ya karkace.' Ta gaji, ta juye masa fitilar gaba ɗaya. Shi ya sa hankakansu baƙi ƙirin ne, ba irin namu mai farin ƙirji ba."

Murja ta natsu kam, har nata ya bushe ta wanke. Sannan ta ce, "Ashe ba-ni-in-ba-ka suka yi. To ke, Yaya, wa ke yi miki?"

Nan take Murja ta cafke hannun daman, ta ɗauki ledar baƙin lallen.

Ashe mai wa'azin natsuwa ta fi kowa mutsu-mutsu. "Ba haka ba! Sassauta matsar! Wannan fure ne ko ƙafar kaza?" Ta kai hagu za ta gyara, Murja ta ƙara matsawa, leda ta fashe. Baƙi ya malale bayan hannun tun daga yatsu har wuyan hannu.

Murja ta ruga ta dawo da kwanon ruwa da sabulu. "Ma'alish, yi haƙuri, Yaya! Yalla, maza kawo hannun kafin ya kama!"

Mahasin ta dubi ɓarnar. A duk sana'arta ba ta taɓa ganin ƙunshi mai muni irin wannan ba, kuma daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Ta janye hannun daga kusa da kwanon.

"Khalas, shi ke nan, bar shi ya kama."

"Gobe fa Sallah! Mata za su yi miki dariya."

"Su yi," in ji Mahasin, tana hura masa iska. "Su tambaye ni wa ya yi min, in ce ƙanwata ce."