Farin Layi a Jikin Jar Mota

Klaudiya ce ta kawo mini maganar bayan taron Zumuntar Mata, tana riƙe da hannuna kamar mai ta'aziyya.

"Abigel, ba gulma ba ce. An ce maigidanki ya mai da shagon Felicitas wurin zama, yarinyar nan mai gyaran farce a Kabong. Yana shiga da ƙunshi a hammata, sai a saki labule."

Na ce, "An ce. Wa ya ce?"

"Kowa mana."

Kimiyya na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma ban taɓa ba ɗalibi maki don ya rubuta "kowa ya sani" ba. Mijina Mwadkon kuwa, mutumin da sai ya huta kafin ya gama hawa matakalar coci, in har yana neman mata a shekarunsa, likitoci ya kamata a kira, ba fasto ba. Na yi dariya na wuce. Amma maganar ƙunshin ta biyo ni har gida.

Mijina yana harhaɗa ƙananan motocin tsere na roba, irin waɗanda ke zuwa gutsi-gutsi cikin kwali. Wani Bature ne ya koya masa a Rayfield tun yana saurayi, yanzu kuma ɗanmu Dachung ke aiko masa. Shi ke yanke sassan, ya goge bakinsu, ya haɗa inji da tayoyi da sitiyarin da bai fi ƙwayar wake ba. Daga nan sai ya turo mini motar a kan teburin cin abinci. Gini nasa ne, ado nawa. Ni ke jan farin layi a kowane gefe daga hancin mota zuwa bayanta, ni ke fentin hular direba, ni ke manna lamba. Takardar lambar a ruwan ɗumi ake jiƙa ta har lambar ta saki, a ɗauko da hantsaki, a kwantar, a danne da auduga. A sanyin Jos kafin ki gama ɗaya ruwan ya huce, shi ya sa Mwadkon ke tsaye da buta a gefena, yana riƙe numfashi har na ɗaga hannu. Mun yi faɗa kan 'ya'ya, kan danginsa, kan gishirin miya. A kan teburin nan ba mu taɓa yi ba.

Jar motar da na gama yi wa ado a makon ba ta kan tebur.

"Baban Dachung, ina jar nan?"

"Na ɗauke ta saboda ƙura. Tana bushewa."

Washegari ya ce zai je kasuwar Katako ya samo guntun katakon da za a ɗora ta. Na bar shi ya fita, na yafa mayafi, na tari keke napep na ce a bi wanda ya hau. Kabong muka nufa.

Ban yi sallama ba, na ɗaga labulen. Warin jan farce ya bugi hancina. Ga Felicitas zaune gaban wata fitila mai gilashin ƙara girma, buroshi siriri a hannunta. Ga jar motar a kan farin tawul, inda mata ke ɗora yatsu. Ga mijina a tsaye a gefenta, ya sunkuya, ya riƙe numfashi.

Wannan riƙe numfashin ne ya soke ni.

Felicitas ta miƙe. "Ah, Mama! Sannu da zuwa. Ki zauna, ga kujera."

Mwadkon ya ce, "Maman Dachung, ba abin da kike zato ba ne."

"Na sani. Da shi ne ai da sauƙi. Da na kai ka wurin dattawan coci, su yi maka faɗa, mu koma gida. Wa ya ba ta izinin taɓa layina?"

"Ni ne."

"Yarinya, shekarunki nawa? Ina jan layin nan tun uwarki ba ta iya ɗaurin zane ba."

"Mama, ni ba ruwana fa. Daddy ne ya kawo, ya ce a yi shi ya miƙe."

"Ya miƙe? A kwance yake?"

Mwadkon ya share goshi. "Abigel, likita ya ce yanar ido ce ke damunki. Kika ce duk wanda ya yi furfura haka suke gaya masa don su samu abin yankawa."

"Har gobe ina kan bakana. Ka kawo hujja, ba likita ba."

Ya kalli tawul. Sannan ya ɗauki motar da hannu biyu, ya juya ta a ƙarƙashin gilashin.

"Wancan gefen ta sake. Wannan naki ne, ba a taɓa ba."

Na zauna a kujerar yarinyar, wadda har yanzu da ɗumin jikinta. Na duba nata tukuna, ina neman aibu. Na nema sosai. Layin ya tafi sambal, kamar da shi aka ƙera motar. Sannan na duba nawa. Ya taso daga hanci lafiya, ya yi ciki a wajen ƙofa, ya hau kan gilashi, ya sauko. Lamba ashirin da bakwai ta jingina baya kamar fasinjan da barci ya kwashe. A kusa da ita ga shatin babban yatsana cikin fenti.

Na goge gilashin da bakin mayafi na sake dubawa, don gwaji ɗaya ba ya isa. Bai canza ba.

Ban ɗago ba na ce, "Wannan ce ta farko?"

Felicitas ta kalli Mwadkon. Mwadkon ya kalli labule.

Mijina ba neman mata yake ba. Tun bikin Ista na bara, duk motar da na yi wa ado sai ya kawo ta Kabong a goge layina, a ɗaye lambata, Felicitas ta sake su, ya mayar gida ya ce mini hannuna bai tsufa ba.