Wanda Ya Taɓa Distiributa

Motar mahaifinsu ta shekara da shekaru a bayan gareji, kaji na kwana a kanta, kafin babban ɗansa, wanda makaniki ne, ya ɗaura ɗamarar tayar da ita. Ya sauke injin, ya wargaza shi, ya sa sababbin ringi, ya wanke kabireta, ya mayar da komai mazauninsa da hannunsa. Ranar da ya murza makulli, motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta tofo wuta ta bakin kabireta har ta babbake masa gashin hannu. Tashi kuwa, ko alama.

Warin fetur da ƙaurin gashi suka cika garejin. Ya tofar da yawu, ya ja tsaki.

"Wuta na zuwa, mai na zuwa," ya ce wa matarsa, wadda ƙarar ta fito da ita daga cikin gida. "Saura taimin, lokacin da wuta ke haɗuwa da mai. Kuma ni na saita shi, ba aike na yi ba. Zo ki kama mini sifana."

Ya kwance filogi na farko, ya toshe ramin da babban yatsa, ita kuma tana juya injin a hankali da doguwar sifana. Da iska ta turo yatsansa ya ce ta tsaya. Ya duba fuli, faifan da ke gaban injin, alama ta hau kan alama, fistin yana sama inda ake so. Sai ya kai hannu zai buɗe murfin distiributa, mai raba wa filogi wuta, ya ji wani abu mai danƙo ya manne masa a yatsu.

Cingam ne. Taunanne, har da sawun haƙori. An karya maƙalin murfin, an liƙe shi da shi.

Ya goge hannu a tsumma, ya sake gogewa, abin sai ƙara miƙewa yake kamar majina. Da ya ɗaga murfin ya tarar rota, ɗan hannun da ke juyawa a ciki, ta juya baya, tana kallon kishiyar inda ya bar ta. An zare distiributar an mayar da ita a juye, an kuma cinye kan notin da filaya.

"Wane ƙazamin ne ya shigo mini nan?"

Matar ta shiga ciki, ta dawo da wayarta. "Maigida, da na so in bari sai ka huce. Duba."

Wani bidiyo ne da aka sa a intanet. Ƙaninsa ne a ciki, wanda duk unguwa ke kira Ɗan Gayu. Ya shafa baƙin mai a kumatu da goshi, yana riƙe da distiributar kamar jariri, bakinsa na ta taunar cingam. "Ni kaɗai na haɗa injin nan," in ji shi, "saboda tunawa da Baba." Ya matse ido har hawaye ya fito. A ƙasan bidiyon mutane na ta sa masa albarka.

Makanikin ya miƙa mata wayar da yatsu biyu. Ɗan Gayu ko tayar keke bai taɓa yi wa faci ba. Lokacin jinyar mahaifin nasu ma, ya ce warin ɗakin yana sa shi amai, daga bakin ƙofa yake gaisuwa.

Yana cikin kankare cingam ɗin da sukudireba sai ga Ɗan Gayu ya shigo, turare ya riga shi isowa.

"Yaya, ta tashi? Mutanena na jira."

"Kai ka zare wannan?"

"Haba Yaya, ɗan ɗagawa kawai na yi, na mayar. Ai rami ɗaya ne, ina abin ɓata?"

"Cingam ɗin fa?"

Ɗan Gayu ya yi dariya. "Ai dabara ce. Ya riƙe ko bai riƙe ba?"

Makanikin ya dube shi tun daga takalmi har gashin kai. Da ya ga kunya a fuskarsa, da ya yi faɗa ya huce. Babu ko ɗigo.

"Matsa daga haske," ya ce.

Ya zare distiributar, ya juya rota ta fuskanci wayar filogi na farko, ya zura ta har ta zauna daram. Ya sa sabon noti, ya ɗaure murfin da waya, ya bi wayoyin filogi ya tabbatar kowace na gidanta. Matarsa ta murza makulli. Injin ya kama, yana rawa, makanikin ya ɗan murɗa distiributar har muryar ta daidaita.

Ya daɗe yana jiran wannan ƙarar, amma daɗinta bai shige shi ba, don Ɗan Gayu ya riga ya ɗaga waya yana cewa, "Jama'a, kun ji aikina!"

Makanikin ya kashe motar, ya kama ƙanin nasa ta kafaɗa ya fitar da shi titi, ya ja ƙofa.

Da yamma mahaifiyarsu ta aiko kiransa. Ta ce ƙaninsa ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya yi haƙuri. Ya ce to, Inna. Ba a cire bidiyon ba, har wani maƙwabci ya tare shi a hanya yana tambaya ko Ɗan Gayu zai samu lokaci ya duba masa tasa motar.

"Kai masa," in ji makanikin. "Ka haɗa masa da cingam."