Izinin Shiga Tudun Inna

Sharnee 'yar ƙanwata ce. Shekararta talatin da ɗaya tana aikin goge-goge a ƙaramin asibitin garinmu lokacin da ta ga sanarwa a jikin allo: wata jami'a a Adelaide tana ba 'yan asalin ƙasa tallafin karatu, su koyi ilimin tono kayan mutanen da. Za a biya kuɗin makaranta, a ba da ɗaki, har da na cefane. Ta cike fom. Sai suka ce ta kawo takarda mai hatimi da ke shaida cewa ita 'yar ƙabilarmu ce ta Barkindji.

Mahaifiyata Dulcie, wadda muke kira Inna, kuma ita ce kakarta, tana shan shayi a baranda aka gaya mata.

"Hatimi kuma? Ku aika musu da hoton hancinta mana, su kwatanta da nawa."

"Kaka, ba a karɓar hanci a jami'a," in ji Sharnee.

"To me za su koya miki?"

"Yadda mutanenmu suka zauna a da. Abin da suka ci, inda suka kwana."

Inna ta ajiye kofi ta dube ta sama da ƙasa. "Shekara talatin kina shige ni a barandar nan, ko sau ɗaya ba ki tambaye ni ba. Yanzu sai kin je Adelaide Bature ya gaya miki."

An samo hatimin, ta tafi. Ba ta yi wata biyu ba suka buga hotonta a takardar tallar jami'a, tana riƙe da wani dutse tana murmushi. Da ta zo hutu ta ce mana ranar ko aji ba ta fara shiga ba, dutsen ma a wajen ajiye motoci mai hoto ya tsinto mata shi. Amma karatun ta riƙe shi da gaske. Duk zuwanta da littattafai take tafe, ta kuma fara zama kusa da Inna tana tambaya, Inna tana ja mata rai kafin ta amsa.

A shekara ta uku aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi inda zai yi tono. Sharnee ta zaɓi tudun yashin da ke gefen kogin Baaka, cikin gonar tumakin gidan Pettigrew. A gindin tudun nan aka haifi Inna. Tana 'yar shekara tara aka zo da babbar mota aka kwashe su zuwa bayan gari, aka zagaye wurin da waya, aka sa kwaɗo a ƙofa. Sau uku a rayuwarta ta je ta roƙi a bar ta ta shiga ta duba, sau uku tsoho Pettigrew ya ce mata tumaki za su firgita.

Jami'a ta rubuta wa ɗansa wasiƙa guda ɗaya, ya aiko da makulli har da gaisuwa. Abin da ya rage shi ne doka ta ce ba a tono sai dattawan masu ƙasa sun yarda. Saboda haka Farfesa Aldridge, malamin Sharnee, wani dogon mutum mai ladabi da jar fuska, ya zo har baranda ya cire hula ya miƙa wa Inna takarda.

"Gwaggo Dulcie, izininki muke nema mu shiga ƙasarki."

"Ni zan ba ku izini?"

"Ke ce mai wurin ai."

"To in na ba ku, ni wa zai ba ni?"

Farfesa ya yi tari. Ya ce an sa sunanta cikin jerin ma'aikata a matsayin mai ba da shawara, don haka za ta iya biyo su. Inna ta sa hannu. Ni kuma aka ɗauke ni direba.

Ranar farko a bakin ƙofar gonar aka ba ta falmaran ruwan ɗorawa da manyan takalma. Wata ɗaliba 'yar birni ta tara mu ta yi mana bayanin macizan yankin, ta ce duk wanda ya ga ɗaya kada ya matsa kusa. Inna, mai shekara tamanin da biyu, wadda ta ci irinsu gasassu ba adadi, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Madalla, 'yata. Da ban sani ba."

Muka isa tudun. Inna ta tsaya ta daɗe tana duban kogi. Daga baya ta ɗaga sanda ta nuna wata 'yar kwana kusa da wani busasshen itace.

"Can za ku tona."

Farfesa ya rubuta a littafinsa, ya yi godiya sosai. Amma sun zo da wata na'ura mai kama da keken jarirai wadda ke leƙa ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ta nuna musu wani wuri dabam, wajen taku ɗari daga can. Nan aka ja igiya aka fara. Kwana huɗu suna kankare ƙasa da cokalin gini da buroshi, suna tankaɗe ta a rariya, ƙudaje na bin fuskokinsu. Inna na zaune a kujerar roba a inuwa tana kallo, tana shan shayi.

Tun rana ta biyu na gane wurin. Shekara ashirin na yi ina tuƙa gireda. Wata shekara tsoho Pettigrew ya ɗauke ni haya na gyara masa hanyar zuwa famfon ruwa, na ture rabin gefen tudun nan, na binne masa tsohon kwalbati a ciki. Ban taɓa gaya wa Inna ba. Aiki ne, ina da yara a lokacin, kuma ban tsaya duba abin da bakin gireda ke turewa ba.

Rana ta huɗu cokalin Sharnee ya bugi siminti. Farfesa ya durƙusa yana mamaki. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan nawa ne." Na faɗi yadda aka yi.

Sharnee ta miƙe, ƙura har gira. "Kawu! Kana kallonmu kwana huɗu?"

"Na ɗauka ko na'urar ta san wani abin da ban sani ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Inna, ita ma gajeriya. Ta ce, "Ashe kai sun bar ka ka shiga, Clarrie. Da gireda."

Washegari aka koma inda ta nuna. Ba a yi zurfin hannu ba sai ga toka da gawayi da tarin ƙumbar kogi. Ƙasa da su wata tokar, ƙasa da ita wata, murhu kan murhu. Can kusa da sama, a gefen ramin, buroshin Sharnee ya buɗe bayan wani faffaɗan dutse. Ta share shi a hankali. Dutsen niƙa ne, a kife.

Inna ta taso ba sanda. Ta tsallake igiyar da aka ce kada kowa ya tsallake.

"Na uwata ne. Ita ta kife shi da safen da motar ta zo. Ta ce kada ruwa ya ɓata masa fuska kafin mu dawo. Ku juya shi, akwai ɓalli a gefe, ƙanena ne ya yar da shi."

Aka ɗauki hoto, aka auna, sannan aka juya. Ɓallin na nan. Inna ta zauna a ƙasa ta ɗora tafin hannu a kwarmin dutsen. Sharnee ta juya baya tana goge ido da gefen riga.

"To, Clarrie, sa mini shi a mota," in ji Inna.

Fuskar Farfesa ta ƙara yin ja. Ya ce, cikin ladabi matuƙa, duk abin da ya fito daga rami sai an ba shi lamba, an kai shi ɗakin gwaje-gwaje, daga nan za a mayar wa al'umma in sun rubuto buƙata.

"Wace ce al'umma?"

"Ku ne, Gwaggo."

"To ga ni."

"A rubuce ake so."

Sharnee ce mai cike katin, tunda ramin nata ne. Katin yana da gurbin zurfi, da gurbin nauyi, da gurbin irin dutse, ba shi da gurbin mai shi. Ta ce, "Kaka, in na bar miki shi yau, za a ce aikin bai cika ba, ba za su ƙara buɗe mana ƙofar nan ba. Ki ara mini. Ni zan kai shi, ni zan dawo da shi."

Inna ta harare ta. "'Yar boko. Ki gaya musu aro ne."

Sharnee ta rubuta a gefen katin da manyan baƙaƙe cewa aro ne daga Dulcie, 'yar mai shi. A kan cinyarta dutsen ya yi tafiyar awa bakwai zuwa Adelaide.

Wata goma sha huɗu ya yi a can. Sakamako ya fito: tokar can ƙasa ta kai shekara dubu shida, kuma an gano cewa da dutsen ana niƙa 'ya'yan ciyawa a yi gari. Sharnee ta karanta wa Inna a baranda.

"Wata goma sha huɗu," in ji Inna, "su gano ana niƙa a dutsen niƙa." Amma maganar dubu shidan ta sa an maimaita mata sau biyu, ta kuma sa an kira maƙwabta su ji.

Dutsen ya dawo, yana ƙarƙashin gadonta. Sharnee ta gama da sakamako mai kyau, aka ƙara mata tallafi ta ci gaba. Ɗan Pettigrew kuwa, ana kwashe igiyoyi ya mayar da kwaɗonsa. Inna ta aika a tambaye shi ko za ta iya zuwa ita kaɗai, ya ce inshorarsa ba ta shafi baƙi ba, sai dai masu bincike.

Tun daga nan Sharnee ba ta rasa abin bincike a tudun nan. Bara ƙumba ta je aunawa. Bana ta rubuta cewa tana son sanin irin kifin da mutanen da suka fi ci. Jerin masu ba ta shawara ya kai mutum goma sha tara, ƙaraminsu ya haura saba'in, kowa da falmaransa. Da safe takan tona ɗan rami daidai faɗin tire, ta auna, ta rubuta abin da ta gani tsakani da Allah. Kafin azahar dattawa sun baje a bakin kogi da ƙugiyoyi, an hura wuta, ana gasa gurasa a toka. Farfesa Aldridge ya zo dubawa sau ɗaya. Inna ta miƙa masa kifi a kan murfin kwano, ya zauna a yashi ya cinye, ya tambaya ko akwai ƙari.