Ba Wanda Ya Tashi wa Kawu Maduhu

Tun da muka sauka daga mota a garin nan na bakin teku Kawu Maduhu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya je ya leƙa dandamali, ya dawo ya taɓa fatar ganga, ya sake komawa. Ni kuwa ina biye da shi kamar jela, don na san abin da ke aljihunsa.

Wuƙa ce. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ne shugaban makaɗanmu, kuma duk garinmu Bariadi an san rantsuwarsa: ranar da ya kaɗa ganga jama'a ba su taso sun zo wurinsa ba, ranar zai farke fatarta ya bar kiɗa har abada. Mu ƙabilar Sukuma haka muke gasa. Bayan girbi ƙungiya biyu su kafa a fili ɗaya, su kaɗa lokaci guda, inda mutane suka kwarara nan aka ci. Ƙafa ce alƙali.

To ga mu a bikin da aka tara makaɗan ƙabilu daga ko'ina, an jera kujerun roba har iya ganinka.

Kawu ya ce mini, "Kabula, waɗannan kujerun na marasa lafiya ne?"

"Na 'yan kallo ne, Kawu. Nan zama ake yi. Kowace ƙungiya ta hau ta yi nata ta sauka."

"To da wa zan kara?"

"Ba kowa."

"Ashe zaman makoki aka gayyato mu."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Wallahi da dutse na yi wa da ya ji. 'Yan ƙabilar Makonde suka hau bisa dogayen sandunansu da fuskokin katako, matan ƙabilar Gogo suka matse ganguna a cinya suna waƙa, mutanen tsibirin Unguja suka ja gogensu. Kawu bai kalli ko ɗaya ba, kujerun yake kallo.

"Kin gani? Ko ɗaya bai motsa ba. An kunyata bayin Allah."

"Tafi suke yi, Kawu."

"Ni ma ina tafi in sauro ya dame ni."

Tuwon masara da kifin da aka kawo ko kallo bai yi musu ba. Ni ma ban taɓa nawa ba. Tsoro nake ji, gaskiya, don gangar nan ta girme ni, kuma mutumin nan in ka raba shi da ita ban san me zai saura ba.

Da la'asar aka kira mu. Kawu ya gasa fatar gangar a bakin wuta, ya hau, ya saki hannu. Ban taɓa jin ya kaɗa haka ba. Mu mata muka shiga rawar fartanya, muna juya ta muna cafewa, ni idona na kan aljihunsa, saura kaɗan in sare ɗan yatsan ƙafata. 'Yan kallo kuwa suka ɗaga wayoyi. Suna guɗa, suna tafi, amma kowa ya manne da kujerarsa. Na zage su a zuciyata tas, har da wanda ya ƙera kujerun.

Kiɗa ya tsaya. Kawu ya daɗe yana dubansu, sannan ya kwantar da gangar ya sa hannu a aljihu.

Na riƙe masa hannu. "Kawu, don girman Allah."

"Sake ni, 'yar nan. Bakina ne ya faɗa."

Can mai sanarwa yana ta kiran ƙungiya ta gaba, matan Gogo za su sake hawa. Ya kira, ya sake kira, shiru. Haushi ya sa na waiga in ga wace ce ke ɓata wa mutane lokaci.

Suna bayanmu. Ba su kaɗai ba, duk sauran makaɗan sun baro rumfunan da aka sauke su. Matan Gogo hannu wayam, sun bar gangunansu can a ƙasa. Makonde sun leƙo ta saman labule, wani tsohon Unguja ya cusa kai da hularsa a karkace. Sun cika bayan dandamalin, har ana ture juna.

Na ce, "Kawu, juya."

Ya juya. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, wuƙar na hannunsa a buɗe.

"Wa suka bari a wajen gangunansu?"

"Ba kowa."

Ya dubi wuƙar. Sannan ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota.

"Je ki nemo rake ki fere mini. Kuma tuwon nan, in ba ku cinye ba."